Sajan Vernon Moore da jirgin da ya ɓace a hamadar Libiya: ga amsoshin, a huta da maimaita tambaya

Wane ne Vernon Moore?

Sajan ne na sojan saman Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, mai riƙe da bindiga a jirgin saman jefa bama-bamai ƙirar B-24 da ake kira Lady Be Good. Su tara ne a ciki.

Jamusawa ne suka harbo su?

A'a, na sha faɗa. Ranar 4 ga Afrilu 1943 suka tashi daga Suluk, kusa da Bengazi, za su kai hari birnin Naples na Italiya. Wajen dawowa cikin dare suka wuce sansaninsu ba su ankara ba, suka nausa hamada fiye da kilomita 600. Da mai ya ƙare suka diro da lema. Ɗaya lemarsa ba ta buɗe sosai ba, nan take ya mutu.

Da sun nemi jirgin, da sun tsira?

To, wannan kam sai a bi a hankali. Jirgin ya ci gaba shi kaɗai, ya faɗi kimanin kilomita 25 kudu da inda suka sauka. 'Yan Ingila masu neman man fetur suka hango shi a 1958, kuma da aka isa wurin an tarar da ruwa da abinci, rediyon ma yana aiki. Saboda haka mai yiwuwa ne da sun yi kudu su kira a zo a ɗauke su. Mai yiwuwa, na ce. Cikin duhu suka diro, ba su ga inda ya faɗi ba, kuma a zatonsu bakin teku na kusa, shi ya sa suka yi arewa. Mutum takwas, ruwa rabin gora. A haka suka taka wajen kilomita 130 kafin biyar su kasa, ukun da suka rage, har da Moore, suka ci gaba neman agaji. Mataimakin matuƙin, Robert Toner, yana rubuta halin da suke ciki a ɗan littafinsa. Kai da ke zaune ƙarƙashin fanka da taswira a waya, don Allah daina kiransu wawaye.

An gano gawar Moore?

A 1960 aka gano takwas. Ta Moore ce ba a tabbatar ba har yau.

Zan iya zuwa hamadar in ga jirgin?

Ba ya can. Tun 1994 aka kwashe tarkacen zuwa birnin Tobruk na Libiya. Tagar gilashin da aka yi don tunawa da su kuwa tana gidan tarihin sojan sama da ke Dayton, jihar Ohio.