Tsutsar masara: kafin ta iso gonarka, ana iya sanin hanyarta

A daminar bara wani dattijo a wajen Yauri ya ja ni cikin gonarsa, ya buɗe zuciyar wata masara da yatsa. Ciki duk wani abu ne kamar dusar katako, ganyen ya hude-hude, ga tsutsa kwance ta ƙoshi. Ya ce, “Malamin gona, wannan dare ɗaya ta faɗo mana.” Na ce, “Baba, ta kai mako biyu a nan, idonmu ne bai kai ba.” Abin ya tsaya mini a rai, don da an duba da wuri da ba a yi wannan asarar ba.

Wannan tsutsa baƙuwa ce. Asalinta nahiyar Amurka, kuma a farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a nan Najeriya da wasu maƙwabta. Kafin ƙarshen 2018 ta game ƙasashen Afirka sama da 40, ta kuma ɓulla a Indiya. Uwar tata ƙwaro ne mai kama da malam-buɗe-littafi, sai dai da dare take tashi. Idan iska ta taimaka mata tana iya cin kilomita 100 a dare guda, kuma mace ɗaya kan zuba ƙwai wajen 1,000.

To ta yaya masana ke hasashen inda za ta nufa? Halinta suke bi. Ba ta iya kwanciya a ƙasa ta jira damina. Dole ta samu ɗanyen ganye duk shekara, kuma tana son ɗumi. Da zafi, cikin kwana 30 ƙwai ya zama uwa mai sake yin ƙwai. Sai su haɗa bayanan zafi, da ruwan sama, da inda iska ta dosa, da wuraren da ake noman masara, su fitar da taswirar inda hatsarin ya fi yawa. Ana kuma kafa tarko mai ƙamshin mace don kama mazan a ƙirga su, kuma hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) tana da manhajar waya mai suna FAMEWS da ake tura rahoto ta cikinta.

Mu a Kebbi wannan lissafin a fili yake. Masarar rani ta fadamun kogin Neja da na Rima ita ce masaukinta lokacin da tudu ya bushe. Ruwa kan riga sauka a Zuru da Yauri kafin Argungu, iskar damina kuma daga kudu maso yamma take tasowa. Don haka in ka ji ta ɓulla kudu da kai, ko gonarka na kusa da fadama, ka sa ido. Wanda ya yi shuka a makare shi ya fi shan wuya, domin lokacin ta riga ta yawaita a gonakin da suka riga shi. Haka in aka samu ɗan fari bayan tsiro, don ruwa mai ƙarfi kan wanke ƙananan tsutsotsin.

Daga ranar da masara ta tsiro, a shiga gona aƙalla sau ɗaya a mako. A tsaya wuri 5 daban-daban, a duba tushe 10 a kowane wuri, har ƙasan ganye inda ƙwan ke manne kamar an yafa masa auduga. A murƙushe shi da hannu. Babbar tsutsar kuwa tana da ɗigo 4 baƙaƙe kusa da wutsiya. In abin ya kai ga feshi, a nemi shawarar malamin gona kan maganin, a rufe hanci da jiki, a fesa da sassafe ko da yamma, a saita bakin famfon cikin zuciyar masarar. Ku kuma sanar da maƙwabtan gona ranar da kuka fara ganinta, masu dawa ma su duba tasu.