Kai kayan agaji: amsa ɗaya, kar a sake tambaya

Duk sanda aka yi ambaliya ko girgizar ƙasa tambayoyin nan ne dai ke dawowa, na gaji da maimaitawa.

Zan iya tura tsofaffin kayan sawa?

A'a. Don Allah ku daina. Wa zai tantance su, wa zai wanke? Sito kawai suke cikawa, magani ya rasa wurin zama.

Me ake fara kaiwa?

Ruwa, magani, tamfol, abinci. Ma'aunin Sphere, wato ƙa'idojin da ƙungiyoyin agaji ke bi, ya ce ruwa lita 15 ga mutum ɗaya a rana, lita kuma kilo guda ce, mutum 10,000 tan 150 ke nan kullum. Shi ya sa ake kai injin tace ruwa da kulorin maimakon ruwan gora.

Kaya jibge a filin jirgi mutane na yunwa, ba sata ba ce?

Ku kwantar da hankali, ba kullum ba. A girgizar ƙasar Nepal 2015 titin saukar jirgi ɗaya tal gare su a Kathmandu, a ta Haiti 2010 tashar jiragen ruwa ce ta rushe. Ga kwastan, ga rashin mai, ga gada ta karye. Kilomitocin ƙarshe su ne wahalar.

Kuɗi ya fi ko kaya?

To, nan ba zan yanke hukunci kai tsaye ba, ya danganta. In kasuwa na ci kuma 'yan kasuwa na iya shigo da kaya, kuɗi ya fi, ba hayar mota ba kuɗin sito, kowa ya sayi abin da ke damunsa, wani magani wani kwanon rufi. Amma in hanya ta yanke kayan kasuwa sun ƙare, ka raba kuɗi sai farashi ya yi sama, wanda sunansa bai shiga rajista ba ya ƙara shiga uku. Sannan in ta waya za a tura, akwai sabis? Katin shaidarsu bai tafi da ruwa ba? Galibi da kaya ake farawa, in kasuwa ta farfaɗo a koma kuɗi, amma ko wannan sai an je an duba, ba daga ofis ake yanke shi ba.

Me ya hana a jefo kayan daga jirgin sama?

Tsada. WFP, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na yi a Sudan ta Kudu in damina ta cinye hanya, dole ce ta sa.