Me ya sa ba a sayo kayan gyaran jirgin soja a Ladipo?

Duk mai zama a unguwar Agege ta Legas ya san rugugin nan mai nauyi da kan sa yara ɗaga kai. Sau da yawa C-130 Hercules ne, jirgin dakon sojoji da kaya mai inji huɗu, ya taso daga sansanin sojan sama na Ikeja. Kamfanin Lockheed na Amurka ya ƙera shi, ya fara tashi a 1954, Najeriya kuma ta fara karɓar nata a tsakiyar shekarun 1970. Manya ba su manta da wanda ya faɗi a Ejigbo ranar 26 ga Satumba 1992 ba, da mutum fiye da 150 a ciki.

Rannan a teburin mai shayi wani bakanike ya ce da ni, "Malam, tsohon jirgi ai kamar tsohuwar mota ne. In wani abu ya lalace, a sayo na hannu mana, kamar yadda muke yi a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota." Na ce masa, "Maigida, a wannan harka takarda ta fi ƙarfen tsada."

Ƙofa biyu ake bi kafin kayan gyaran irin wannan jirgi su shigo ƙasa. Ta farko tana Amurka. Dokarsu ta 1976 kan fitar da makamai ta sa jirgi irin wannan cikin kayan yaƙi, ko da buhunan shinkafa yake ɗauka. Kayan gyaran da aka ƙera masa ba sa fita sai da izinin gwamnatinsu, wasu daga ma'aikatar harkokin waje, wasu daga ta ciniki. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne, sharaɗin yana bin kayan duk inda suka je. Ƙasar da ta saya ba ta da ikon sayar wa wata sai Amurka ta yarda. Mun gani a 2014, lokacin da ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram.

Ƙofa ta biyu tamu ce. Ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ke bayar da takardar da masu fiton kaya a Apapa ke kira EUC. Shaida ce da ke nuna wanda zai yi amfani da kayan daga ƙarshe, da abin da zai yi da su. Ta shafi kayan soja da sassansu, har rigar sulke, mota mai sulke da jirgi marar matuƙi. Ana nemanta tun kafin a loda kaya. In kwantena ta iso tashar jiragen ruwa ta Tin Can babu ita, Kwastam za su riƙe, kuɗin ajiya na hawa kullum, ƙarshe ana iya ƙwacewa, a kuma tuhumi mai kaya.

Ko an wuce duka biyun, injiniya ba zai ɗaura wani sashe a jirgi ba sai ya ga lambarsa da tarihinsa: wa ya ƙera, awa nawa ya yi a sama, yaushe aka duba shi. Wanda ba shi da tarihi, ko yana ƙyalli, gwangwan ne.

A nan 'yan uwanmu masu sana'ar gwangwan ya kamata su kula. In aka kawo maka ƙarfe mai lamba aka ce daga jirgin soja ya fito, tambayi takardar gwanjonsa kafin ka ɗora a sikeli.