Ɓatan wuta da rawar inji a ralanti

Ɓatan wuta matsala ce ta injin mota mai shan esansi, inda cakuɗar mai da iska ke ƙin kamawa a silinda ɗaya ko fiye, ko kuma ta ƙone rabi da rabi. Alamarta ta farko ita ce rawar inji a ralanti, wato lokacin da mota ke tsaye a kunne ba a taka totur ba. Ralanti shi ne abin da makanikan Najeriya ke kira silo. Ɓatan wuta ba cuta ɗaya ba ce: alama ce da lalura iri-iri ke haifarwa, shi ya sa canza buji (fulogin da ke ba da tartsatsi) kawai, wanda shi ne abin da mai mota ya fi saurin nema, sau da yawa ba ya kashe maganar.

Yadda take bayyana

Injin da ya ɗumama yana yin juyi 600 zuwa 900 a minti a ralanti. Mai silinda huɗu yana kama wuta sau biyu a kowane juyi, galibi bisa jerin 1-3-4-2, don haka a juyi 750 ana samun wuta 25 a daƙiƙa. In silinda ɗaya ta mutu, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, kuma a wannan ƙaramin gudu babu ƙarfin da zai rufa asiri. Wanda ya saba shiga tsofaffin taksin Yamai ya san abin: a tsaya a danja, sitiyari na kyarma, sandar giya na kaɗa kai, salansa na tari fut-fut da warin ɗanyen mai, direba na ɗan taɓa totur kada inji ya mutu.

Ba kowace rawa ce ɓatan wuta ba. Robar da inji ke zaune a kai in ta tsage, mota na girgiza alhali wutarta lafiya lau.

Dalilai

Abu uku silinda ke bukata: tartsatsi, cakuɗa daidai, da matsi. Tartsatsi aikin buji ne da wayoyinsa da bobin, wato kwayil da ke ba buji wuta mai ƙarfi. Tazarar bakin buji takan kasance milimita 0.7 zuwa 1.1, kuma tana buɗewa da tsufa. Cakuɗa daidai ita ce iska kashi 14.7 ga mai kashi 1 bisa nauyi. Matsi kuwa, wato yadda fistan ke danne cakuɗar a silinda, ya dogara ga segman (zoben fistan), supap (bawul ɗin shigar cakuɗa da fitar hayaƙi) da juwan kulas (gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa).

A Nijar ɓangaren cakuɗa ya fi cin wahala. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, a yi ta hura ta da kwamfireso maimakon a canza, har takardar ta yage ƙasa ta samu hanya. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura maki 40, yana busar da tiyon roba ya tsattsage, inji ya riƙa zuƙar iskar da ba a auna ba, wato iskar sata. Sai kuma mai. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, amma man kwalba na bakin hanya, wanda ake kira ruwa-ruwa, bai gushe ba. Man da ya yi ta yawo daga jarka zuwa kwalba yakan kwaso ruwa da datti, su kuma su toshe matatar man motar da bakin injekta mai fesa mai, ko ƙananan kafofin kabureta mai cakuɗa mai da iska a tsohuwar mota.

Bincike

Tambayar farko ita ce: silinda ɗaya ce, ko duka ne? Ɗaya na nuna buji, bobin, injekta ko matsinta. Duka na nuna abin da suke tarayya a kai: mai, famfon mai, ko iskar sata. Lokacin da rawar ke zuwa ma shaida ne. Iskar sata ta fi damu a ralanti, ta lafa in an taka. Raunin bobin akasin haka yake, sai an hau gada ko an yi lodi yake fitowa. Rawar safiya da ke wucewa bayan inji ya ɗumama, tare da farin hayaƙi da raguwar ruwan radiyeta, tana sa a zargi juwan kulas.

Tsohuwar dabara ita ce a kashe silinda ɗaya bayan ɗaya inji na ralanti. Wadda aka cire wutarta rawar ta ƙaru, tana aiki. Wadda aka cire babu abin da ya canza, ita ce matacciya. Gara a zare soket ɗin injekta da a fizge wayar buji da hannu, domin wutar bobin na kai dubban bolt, kuma tana iya lalata kayan lantarkin motar. Daga nan sai musaya: a kai bobin na silindar da ake zargi zuwa maƙwabciyarta. In matsalar ta bi shi, an kama ɓarawo. In ta zauna inda take, a musanya buji. Wannan gwaji ba ya cin ko dala.

Bujin da aka kwance yana ba da labari. Launin toka ko ruwan ƙasa lafiya ne. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, man inji na hawowa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Wanda ya fita tsaf kamar an wanke shi alhali sauran na da datti, ruwa ne ke shiga silindar.

Motocin zamani suna ƙirga ɓatan wuta da kansu, ta hanyar lura da yadda gudun juyin inji ke ɗan tsinkewa. Tsarin OBD-II, wanda mota ke bincikar lalurarta da shi, ya zama dole a Amurka a 1996, irinsa na Turai kuma a motocin esansi a 2001, don haka yawancin motocin hannu da ke shigowa Yamai suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Na'urar bincike na karanta lamba: P0301 zuwa P0304 na nuna silinda ta 1 zuwa ta 4, P0300 ɓatan wuta ne mai yawo, P0171 kuma ƙarancin mai a cakuɗa. Lambar na faɗin wurin da ciwo yake ne kawai, ba ta faɗin abin da za a saya.

In wuta da mai sun tsira, sai a auna matsi. Bambanci tsakanin silindu bai kamata ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. A zuba cokalin man inji a mai rauni a sake awo: in matsi ya tashi, segman ne, in bai motsa ba, supap ne ko juwan kulas.

Illar sakaci

Wasu sukan ɗaga ralanti don rawar ta ɓuya, amma man da bai ƙone ba na ci gaba da wanke maiƙon jikin silinda, yana tsinka man inji. Sauran ya wuce salansa ya ƙone a cikin katalizo, wato matatar hayaƙi, har saƙar cikinsa ta narke. Fitilar inji da ke walƙiya a gaban direba, maimakon ta tsaya a kunne, tana nufin ɓatan wutar ya kai matakin da ke lalata katalizo.