Bluebird Bio

Bluebird Bio, wanda aka sauya wa suna zuwa Genetix Biotherapeutics a 2025, kamfanin harhaɗa magunguna ne na ƙasar Amurka, mai hedikwata a garin Somerville na jihar Massachusetts. Ya shahara ne wajen maganin cututtukan gado ta hanyar gyaran ƙwayoyin halitta. An kafa shi a 1992 da sunan Genetix Pharmaceuticals, aka sauya masa suna a 2010, sannan ya fara sayar da hannayen jari a kasuwar Nasdaq a 2013.

Cututtuka uku ya sa a gaba. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da Zynteglo na cutar talasemiya, mai sa a riƙa yi wa mutum ƙarin jini har tsawon rayuwarsa, da kuma Skysona na wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kama yara maza. Na ukun shi ne Lyfgenia, maganin amosanin jini ko sikila, wanda aka amince da shi ranar 8 ga Disamba, 2023, domin masu shekara 12 zuwa sama.

Wannan ba maganin haɗiya ba ne. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyacin, a kai su ɗakin gwaji, a yi amfani da wani bairos da aka kashe wa dafi wajen dasa musu lafiyayyiyar ƙwayar gado. Daga nan sai a ba shi maganin busulfan mai ƙarfin gaske, ya share tsohon ɓargonsa, kafin a mayar masa da ƙwayoyin ta jijiya. Makonni yake yi a gadon asibiti, gashi ya zube, baki ya yi gyambo, kuma yana iya rasa haihuwa. A gwajin da aka yi, mutum 28 cikin 32 sun rabu da tashin ciwon nan mai kai mai sikila asibiti cikin dare. Sai dai kwalin maganin yana ɗauke da gargaɗin cewa ana iya kamuwa da sankarar jini.

Inda gizo ke saƙar shi ne farashi. Kuɗin Lyfgenia dala miliyan 3.1 ne, alhali Casgevy, wani maganin sikila na kamfanin Vertex, wanda aka amince da shi a rana ɗaya, miliyan 2.2 ne. Tun a 2021 kamfanin ya tattara nasa ya nasa ya bar Turai bayan ya kasa daidaitawa da hukumomin Jamus kan farashin Zynteglo. Abin takaicin kuwa, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda aka kiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara, kuma iyaye da dama da ƙyar suke iya sayen hydroxyurea, maganin haɗiya mai rage tashin ciwon.

Majiyyata ba su zo da yawa ba, bashi ya yi wa kamfanin katutu. A 2025 kamfanonin zuba jari na Carlyle da SK Capital suka saye shi a kan kuɗi ƙalilan, bayan a da darajarsa ta kai biliyoyin daloli, suka kuma sa masa suna Genetix Biotherapeutics.