An gwada shi a kan ɓeraye: shin ya zama magani ke nan?

Mun daɗe muna ji a kasuwannin Maradi: ganye kaza yana warkar da ciwon suga, don masana sun gwada shi a kan ɓeraye, sugansu ya sauka. Mai faɗin haka ba lalle ƙarya yake yi ba, gwajin ne bai kai inda ake zato ba.

Ciwon sugan ɓeran sau da yawa sa masa shi ake yi da sinadarin da ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, wato abin da ke daidaita suga a jini. Abin da ake ɗura masa kuma ba ruwan zogale ko dogon yaro da aka tafasa a tukunya ba ne. Tatsa ake yi, a busar, a auna gwargwadon nauyin dabbar. Hantar ɓera ma ta fi tamu saurin sarrafa magunguna da dama, kuma kusan 9 cikin 10 na magungunan da suka kai matakin gwaji a jikin mutane faɗuwa suke yi.

Idan aka ce maka an gwada, tambayi: a kan wa? Mutum nawa? An kwatanta da waɗanda ba su sha ba? An duba ƙoda da hanta? Mai ciwon suga kuwa, don Allah kada ya ajiye maganinsa sai ya ga likita.

A tura wa ƴan'uwa wannan bayani, musamman masu jinyar iyaye a gida.