Zaɓen Barbados: Me doka ta ce idan jam'iyya ɗaya ta lashe kujeru duka?

A ranar 24 ga Mayun 2018, jam'iyyar BLP (Barbados Labour Party) ta Mia Mottley ta lashe kujeru 30 cif na majalisar wakilan Barbados, tsibirin nan na yankin Karibiyan da mutanensa ba su kai 300,000 ba. Ko Firaminista mai ci a lokacin, Freundel Stuart na jam'iyyar DLP (Democratic Labour Party), bai tsira da kujerarsa ba. A watan Janairun 2022 aka sake fita rumfunan zaɓe, aka kuma maimaita. Wanda ya saba da siyasar wasu wurare zai ce an yi aringizon ƙuri'u ne. Ba a yi ba. Dokar ce ta haifar da haka.

Barbados ta gaji tsarin zaɓenta daga Birtaniya, wadda ta ba ta 'yancin kai a 1966. An raba ƙasar mazaɓu 30, kowace mazaɓa wakili ɗaya. Ɗan takarar da ya fi kowa ƙuri'a a mazaɓarsa shi ne da kujera, ko da ƙuri'a ɗaya tak ya fi mai bi masa. Babu zagaye na biyu, ba a kuma tara ƙuri'un waɗanda suka faɗi a ba jam'iyyarsu wani kaso. Ba a zaɓen firaminista kai tsaye, wanda yake da goyon bayan mafi yawan wakilai shi ake naɗawa. Wa'adin majalisa shekara 5 ne, amma firaminista na iya sa a rushe ta tun kafin lokaci, kamar yadda Mottley ta yi bayan ta zama firaminista.

To, dubi lissafin. A 2022 DLP ta samu fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a ƙasar baki ɗaya. Da rabon kujeru ake yi daidai da yawan ƙuri'u, da ta tashi da bakwai ko takwas. Amma magoya bayanta a warwatse suke, ba su fi yawa a mazaɓa ko ɗaya ba, sai ta tashi a tutar babu. A ƙaramin tsibiri, inda damuwar mutumin Bridgetown, babban birnin ƙasar, ba ta da nisa da ta mutumin ƙauye, idan iska ta juya, ko'ina take juyawa lokaci guda. Haka jam'iyyar Keith Mitchell ta kwashe duka kujeru 15 na Grenada, wani tsibiri a yankin, a 1999 da 2013 da 2018.

Inda gizo ke saƙar shi ne muƙamin jagoran 'yan adawa. Kundin tsarin mulkin Barbados bai ɗauke shi ado ba. Majalisar dattawan ƙasar mutum 21 ce, kuma duk naɗa su ake yi: 12 bisa shawarar firaminista, 7 shugaban ƙasa (muƙami ne daban da na firaminista) ne ke zaɓo su da kansa, 2 kuwa bisa shawarar jagoran 'yan adawa. Akwai manyan naɗe-naɗen da sai an tuntuɓe shi, kuma shi ke shugabantar kwamitin majalisa mai bin diddigin kuɗin gwamnati. Sai dai sharaɗin shi ne ya kasance zaɓaɓɓen wakili da ba ya goyon bayan gwamnati. Shugaban jam'iyyar da ta zo ta biyu, komai tarin ƙuri'unsa, in ba shi da kujera a zauren, doka ba ta san da shi ba.

Idan babu mai riƙe muƙamin, kundin ya ce shugaban ƙasa ya yi gaban kansa a abubuwan da ya kamata ya bi shawarar jagoran adawa. Inda kuwa tuntuɓa ce kawai ake buƙata, maganar firaminista ta wadatar. Wato aikin gwamnati ba ya tsayawa, masu sa ido ne suke raguwa.

A aikace, sauya sheƙa ce ta riƙa toshe giɓin. 'Yan kwanaki bayan zaɓen 2018, Joseph Atherley, limamin coci da aka zaɓa a inuwar BLP, ya fice daga jam'iyyar ya koma ɗaya ɓangaren zauren shi kaɗai, aka rantsar da shi jagoran 'yan adawa. A 2024 lauya Ralph Thorne ya yi irin haka. Babu dokar da ta raba su da kujerunsu a lokacin, saɓanin Najeriya, inda sashe na 68 na kundin 1999 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa ya bar kujera, sai in jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata (yadda ake aiki da sashen kuma, wannan wani zance ne).

A ganina wannan maganin na wucin gadi ne. Mutanen da suka zaɓi Atherley BLP suka dangwala wa, ba adawa ba, waɗanda suka zaɓi adawar kuma ba su aka ba muƙamin ba. Gwamnatin Mottley ta nemi gyara kundin a 2022 don jam'iyyar da ta zo ta biyu ta samu naɗa sanatocin nan biyu, amma gyaran bai tabbata ba.